Ranar da Ruwa Ya Zo Gaida Baba

Mun tashi da asuba daga Kaduna, da zarar abokin tafiyata ya idar da salla. Mu uku ne a motar: ni, da ƙanwata malamar firamare, da shi abokin aikin nawa, injiniya kamar ni, ɗan asalin Kafanchan, wanda tun kakanninsa suke sayar da hatsi a kasuwar garin. A bayan mota akwai buhun shinkafa na Mama, da tef ɗin awo, da wata doguwar takarda da na naɗe, zanen katangar kankare ne da na yi a ofis tun ban ga wurin da za a gina ta ba.

Abin da ya tashe mu kira ne daga ƙauye. Mama ba ta kiran mutum, filashin take yi ta zauna ta jira a kira ta. Ran nan kuwa da katinta ta kira. Ta ce, “Injiniya, ka zo gida. Ruwa ya zo gaishe da babanka.” Ta kashe wayar.

A wurinmu a gida ake binne magidanci. Mahaifina shekara tara ke nan yana kwance a bayan ɗakinsa, Mama ta sa an bar mata wuri a gefensa na hagu. Na san akwai wani rami da ruwa ya fara ci a can ƙasan gidan, amma ganina na ƙarshe da shi bai fi a tsallake da ƙafa ɗaya ba. Ni kuwa aikina ke nan, zana magudanan ruwa da kwalbatoci, shekara ashirin da ɗoriya. 'Yan shekarun nan ma har gayyata ta ake yi taro, in tsaya a ɗakin otal mai sanyi in yi bayani kan sauyin yanayi da yadda za a gina garuruwan da ruwa ba zai ci ba. Saboda haka na kama hanya da ƙarfin gwiwata, ina ganin aikin kwana biyu ne.

Hanyar Kachia tana nan yadda kuka san ta. Inda aka gyara a yi gudu, inda ba a gyara ba a yi addu'a. Shingayen jami'an tsaro kuwa mun daina ƙirgawa, kowa da irin gaisuwarsa, wani ya ce “yaya ruwa”, wani ya ce “oga, yaranka ne a nan”. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne buhunan gawayi. Tun daga bayan Kujama suke jere a bakin titi, an ɗora wani kan wani, an toshe bakinsu da ganye. Dajin da a dā in ka shiga sai ka kunna fitilar mota da rana, yanzu kana hango rufin ƙauye daga nesa. Ƙanwata ta ce a tsaya ta saya, ta ce gas ya gagare ta. Na fara yi mata lacca a kan bishiyoyi, ta ce in na gama in ba ta kuɗin gas ɗin. Na haƙura, aka sa buhun a but.

A Kachia ƙamshin citta ya tare mu, amma ba kamar dā ba. Wani mai gasa masara ya ce tun ciwon da ya faɗa wa citta ya ruɓar da ita a gona, mutane da yawa ba su farfaɗo ba, iri ma ya yi tsadar da sai mai ƙarfi. Masarar tasa ma ba ta da sauƙi. Abin da na biya na guda uku, a 'yan shekarun baya da shi zan cika leda har in ba maƙwabta. Na tambaye shi yaya damina, ya ce, “Ruwan yanzu ba shi da kunya, oga. Sati biyu ba ya zuwa, ran da ya zo sai ya biya bashi duka.”

Mun wuce Zonkwa, muka karya kumallo a Samaru Kataf, wurin wata mata mai faten acca da yakuwa a bakin mararraba. Wanda bai sha faten acca da zafinsa a safiyar damina ba, ban san abin da zan kwatanta masa ba. Abokina ya sha kwano biyu yana cewa wai ɗanɗanawa yake yi. Daga nan duwatsun Kagoro suka bayyana, gajimare ya sauko ya zauna musu a kafaɗa, ko'ina kore shar. Ƙasarmu tana da kyau, wannan kam ko maƙiyi ya shaida.

Kafanchan ta cika ta batse. Tsohuwar tashar jirgi tana nan, ciyawa ta rufe layin dogo, awaki suna kiwo a kai. Abokina ya riƙa nuna mini wurare ta taga. Nan rafi ne dā, a ciki suka koyi iyo, yanzu jerin shaguna ne. Can fadama ce ta rake, yanzu gidajen haya ne, ga alamar ruwan bara a jikin bango har ƙugun mutum. Kwatocin da ke bakin titi duk sun cika da leda da robobin lemo. Muka yi ta girgiza kai irin na masana, muna cewa mutanenmu ba sa jin magana. Na tsaya wani shago na tambayi farashin siminti da rodi, har na ce a ware mini buhu arba'in. Abokina ya ja hannuna ya ce, “Bari mu ga wurin tukuna. Ba a yanka wa mutum riga a bayan idonsa.”

Muka ɗauki hanyar Fadan Kagoma, kafin mu kai muka saki kwalta muka shiga jar ƙasa. Rana ta take tsaka muka isa gida.

Duk wanda ya shiga ƙauyenmu zai gane gidanmu ba sai ya tambaya ba, domin shi kaɗai ne tsakar gidansa kankare ne daga ƙofa har bango. Ni na zuba shi, kuma dole in faɗi yadda aka yi.

Baba manomin citta ne, ko elementare bai gama ba. A ƙasan gidanmu, inda ƙasa ta gangara zuwa rafi, ya shuka gora, layi guda mai kauri wanda ko akuya ba ta ratsawa. Ba ya wasa da gorar nan. Na sha bulala saboda na sari guda biyu mun yi ragar ƙwallo. Kullum maganarsa ɗaya ce, wai gorar ce take riƙe da gidan, mu kuwa mu koma bayan ɗaki mu yi dariya. Da ya rasu, ni ne babban ɗa, kuma kun san jana'iza a wurinmu. Ba a binne dattijo a ɓoye. Manyana na ofis za su zo daga Kaduna, ikilisiyoyi huɗu za su zo da mawaƙansu, ana bukatar wurin kafa rumfuna da ajiye motoci. Na samo katafila daga wani aikin hanya da ke kusa, cikin awa biyu ta tumɓuke gorar har saiwa, ta baje wurin sumul. Da shekara ta zagayo za a yi addu'ar tunawa, na ce uwata ba za ta sake taka taɓo ba. Na zuba kankare a tsakar gida, na sa wa rufin indararo, na ja kwata mai kyau wadda ta tattara ruwan gidan gaba ɗaya ta fitar da shi ta baya. Na manna wa kabarin tayil fari. Mutane suka yi ta zuwa kallo, ana cewa wane ya haifi ɗa.

Mama ta tare mu da kunun zaki da gyaɗa dafaffiya. Ta rame, gwiwoyinta sun ƙara kumbura, da sanda take tafiya. Ta amsa gaisuwar abokina, ta tambaye shi mutanen gida da kasuwa, ta sa masa albarka. Ba ta ce mini komai a kan ramin ba. Da muka ajiye kofuna ta ce, “To, ku je ku gaishe shi.”

Gani ya kori ji. Ramin da na sani ya zama kwazazzabo, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, jar ƙasa a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Ya cinye filin da aka kafa rumfuna, ya cinye bishiyar gwaiba, ya taho har tsakaninsa da tayil ɗin kabarin bai fi taku uku ba. Ta hagu ya fi matsowa. Wurin da Mama ta keɓe wa kanta babu shi, sai iska.

Na buɗe takardata ina nuna wa abokina inda katangar za ta zauna. Bai ko duba ba. Ya sauka cikin ramin ta wani gefe, ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke, ya fito wandonsa duk ja. Sannan ya bi bakin ramin a hankali yana hawa, yana bin sawun ruwa, har ya zo ya tsaya daidai bakin kwatar da na gina. Ya dubi kwatar, ya dubi tsakar gidan, ya dubi rufin. Bai dube ni ba.

Wajen la'asar hadari ya haɗo daga gabas, kafin a kwashe shanya ruwa ya kece. Muka tsaya a baranda. A nan na ga aikina yana aiki yadda na zana shi, ba kuskure ko ɗaya. Ruwan rufi ya bi indararo, na tsakar gida ya gangara, ko ɗigo bai shiga ƙasa ba, duk suka haɗu a kwata suka fita ta baya da ƙarfi kamar an buɗe famfon kashe gobara. Lokacin da na auna kwatar nan, da lissafin ruwan dā na auna ta, irin wanda yake sauka a hankali ya wuni yana yi. Wannan kuwa cikin rabin awa ya sauke abin da dā sai a yi kwana uku ana samu. Muna tsaye muka ji wani ƙara mai nauyi, kamar an yar da buhu daga kan mota. Da ruwan ya tsagaita muka zagaya. Taku ukun nan sun koma ɗaya, kuma kusurwar kabarin ta tsage.

Mama tana bayana, ta dogara da sandarta. Na ce, “Mama, me ya sa ba ki hana ni ba, ran da na kawo katafila?”

Ta ce, “Na so in yi magana. Amma kai ne ka karanta ruwa a makaranta. Babanka bai karanta ba, shi dai ya zauna da shi ne.”

Ban ji kunya a rayuwata kamar ta wannan lokacin ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba idona kaɗai ba.

Abokina ya ja ni gefe ya gaya mini abin da ni ma na riga na sani. Ƙasar da ke ƙarƙashin kabarin ta zama rami ta ciki. Katanga tana bukatar tushe, tushe yana bukatar a haƙa, haƙa kuwa shi zai ƙarasa rusa wurin. Ko da an samu an gina, kankare ba zai bushe ya yi ƙarfi ba kafin ruwa na gaba. Za a iya ceton gidan, in an yi haƙuri na wasu shekaru. Kabarin ne ba za a iya ceta a inda yake ba.

Washegari da safe aka taru a ƙofar gida: fasto, da dattawan ikilisiya biyu, da ƙanin mahaifina wanda muke kira Baba Ƙarami. Ni na yi bayani, ban ɓoye laifina ba. Baba Ƙarami ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, “Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa tada wanda ya kwanta ba. Kai ka kawo mashin, kai ka kawo siminti, yanzu kuma ka kawo diga? Wannan wana ne, ba citta ba ne da za a tone.” Ba wanda ya ga laifinsa. Aka yi ta kai da komo, wani ya ce a jibga buhunan yashi, wani ya ce a yi azumi da addu'a na kwana uku. Aka tambayi ko za a mai da shi wani gefen gidan, abokina ya ce bayan gidan duk ba shi da tabbas, gaba kuwa ga rijiya ga hanya. Abin da ya rage sai maƙabartar coci, can kan tudu, tafiyar rabin awa ga mai ƙafa.

Mama ba ta da ƙafar. Kowa a wurin ya san haka, kuma kowa ya san cewa shekara tara kullum da safe in tana shara sai ta zagaya bayan ɗaki ta gaishe shi, ta ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya mutu da kuɗin taki. Ita ce ta raba gardamar. Ta ce, “Gara mu ɗaga shi da hannunmu, da waƙa, da ruwa ya ɗaga shi ya kai inda ba mu sani ba. Ku kai shi coci.” Baba Ƙarami ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Rana ta uku aka yi aikin, da sassafe, kafin hadari. Matan zumunta na coci suka zo da fararen ɗankwalayensu, suka tsaya nesa da bakin ramin suna waƙa a hankali, wata da yarenmu, wata da Hausa. Ni na karɓi guduma na fasa tayil ɗin da hannuna, ban yarda wani ya yi ba. An ɗaura wa masu haƙa igiya a ƙugu saboda kada ƙasa ta zame da su, abokina yana cikin masu riƙe igiyar, shi da ba addininsa ba, ba danginsa ba. Abin da muka tarar a ciki ba zan rubuta shi ba. Mun naɗe shi a farin ƙyalle, muka sa a sabon akwati, muka ɗauka a kafaɗa. Mama ta raka mu har bakin hanya, nan gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Aka kawo mata kujera. Da na waiwaya daga kan tudu, tana nan zaune ita kaɗai a bakin hanya, ta ɗora haɓa a kan sanda.

Kwana huɗun da suka biyo baya aikin injiniya muka yi, irin wanda ya kamata in yi tun farko. Matasan coci suka zo da diga muka farfasa kankaren tsakar gida, muka bar siririyar hanya kawai daga ɗakin Mama zuwa madafa. Ɓaraguzan muka zuba a ragar waya tare da duwatsu, muka jera su hawa-hawa a cikin ramin don su rage wa ruwa gudu su tare ƙasa. Muka toshe kwatar, muka raba ruwan rufi gida uku, wani ya shiga tanki, wani ya shiga ramukan da muka cika da tsakuwa. A bakin kwazazzabon muka dasa ciyawar jema, sannan muka bi gidaje muna roƙon saiwar gora. Baba Ƙarami bai yi mini magana ba tun ranar taro, amma shi ya zo ya nuna mana daidai layin da gorar dā ta bi, da tazarar da wansa yake bari tsakanin saiwa da saiwa. Abokina ya fito da littafinsa yana rubutawa. Siminti ko buhu ɗaya ba mu saya ba.

Ran da za mu taho Mama ta cika mana but da doya da acca da 'yar cittar da ta samu. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta dafa kaina ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, abin da na yi don in girmama ubana na yi. Sannan ta ce, “Amma ka ji. In lokacina ya yi, ku kai ni kusa da shi. Kuma kada ka sa mini tayil.”

Muka kamo hanyar dawowa. A Kafanchan muka sake wuce shagunan da ke kan rafi da gidajen da ke cikin fadama, wannan karon ban girgiza kai ba. Masu gidajen nan ba su fi ni rashin jin magana ba, kuma wani mai takarda irina ne ya sa musu hannu. Mun shiga Kaduna da yamma ana yayyafi. Na buɗe get ɗin gidana na tsaya ina kallon tsakar gidan, tubalin intalok ne shimfiɗe daga ƙofa har bango, ruwa yana bin sa yana fita titi, yana gangarawa unguwar da ke ƙasanmu, inda ban taɓa zuwa na tambayi yadda suke kwana da damina ba.

An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma wannan ilimin da tsada na saye shi. Ruwan sama ya canza hali, littattafan da muka yi karatu da su ba su san da haka ba. Mu injiniyoyi an koya mana yadda za mu kori ruwa daga inda muke, ba a cika tambayarmu inda ya nufa bayan ya fita daga takardarmu ba. Yanzu duk zanen da aka kawo teburina, tambayata ta farko ita ce wa ke zaune a ƙasan wannan kwata, ta biyu kuma wane tsoho ne a unguwar ya san hanyar ruwan tun kafin a yi titi. Gorar da muka dasa za ta kama, in Allah ya yarda, nan da wasu shekaru ramin zai daina ci. Ban sani ba ko Mama za ta ga hakan.

Washegari da safe na kira ta in ce mun sauka lafiya. Ta ce madalla. Na tambaye ta ƙafa, ta ce da sauƙi. Sannan ta ce, “Yau na yi shara, na zagaya baya, na ce masa ina kwana. Har na fara gaya masa kun tafi, kafin na tuna.”